Inda Nake Fara Dubawa Idan Ina Zargin An Yi Wa Bayanan Kuɗi Kwaskwarima

A aikina na binciken asusu, kafin in buɗe littafin asusun kamfani, takardu biyu nake nema: yarjejeniyar rancen banki da tsarin biyan shugabanni. Idan banki ya gindaya sharaɗin kada riba ta gaza wani adadi, ko ladan manajoji ya rataya a kan yawan ciniki, to akwai matsin lamba. Ƙa'idar ISA 240, wato ƙa'idar duniya da masu binciken asusu ke bi kan zamba, ta kasa abubuwan haɗarin zamba gida uku: matsin lamba, samun dama, da yadda mutum ke halasta wa kansa laifi. Na ukun ba ya fitowa a takarda. A halin shugaban da ke jan ƙafa wajen ba da takardu, ko yake ɗaukar tambaya a matsayin raini, ake tsinkayarsa.

A kan ciniki na fi daɗewa, domin ƙa'idar ta ce a ɗauka tun farko akwai haɗarin zamba a nan. Nakan tattara rasitan makonni biyu na ƙarshen shekara, in haɗa kowanne da takardar fitar kaya da sa hannun wanda ya karɓa. Daga nan in leƙa watan farko na sabuwar shekara. Idan aka yi ta soke rasit ana dawo da kaya, an cusa cinikin ne don shekara ta yi kyau. Haka nan ina tsayawa in riba na hawa alhali tsabar kuɗin da harkar ke shigowa da su na raguwa, ko bashin da ake bin masu saye ya zarce cinikin gudu.

Sai abin da aka shigar da hannu a littafin asusu, wanda ya fi damuna, don shugabanni na iya tsallake duk wani shinge da kamfani ya kafa. Ina ware shigarwar da aka yi bayan rufe littafi, mai dunƙulallen adadi, marar bayani, ko wadda wanda bai saba ba ya yi. Ta irin wannan hanya kamfanin sadarwa na Amurka WorldCom ya rubuta kuɗin hayar layukan sadarwa a matsayin kadara maimakon kuɗin da aka kashe, kusan dala biliyan 3.8 da aka fara ganowa a 2002.

Kuɗin banki kuwa ba na karɓar shaidarsa daga hannun kamfani. Kamfanin madara na Italiya Parmalat a 2003 da takardar jabu ya nuna yana da yuro biliyan 3.95 a banki, a kamfanin hada-hadar kuɗi na Jamus Wirecard kuma a 2020 aka nemi yuro biliyan 1.9 aka rasa. Ni nake aika wa bankin wasiƙar tabbatarwa, zuwa adireshin da na binciko da kaina, amsar kuma ta dawo mini kai tsaye.