Bindigar da ta burge Kawu

Jiya a Kurna Kawu ya tsare ni da zancen bindigar farauta, shi da ya tsufa da harba-ka-ruga a kafaɗa. Winchester 1894 ya gani a wayata, irin wadda in ka ja ƙarfen ƙasan kunama sai ta tofar da kwanso ta ɗora sabon harsashi. Ba nauyi, kuma harsashin .30-30 ya ishi gada da gyado.

Ni dai Marlin 336 na fi so, ta gefe take fidda kwanso, madubin hange ya zauna daram a kanta.

Na ce, Kawu, harsashin fa? A Amurka kamar gyaɗa, a Kano sai addu'a, ga lasisin 'yan sanda. Ya ce to, tsohuwar tasa ma tana korar birai daga gona.