Rarraba direbobi aji-aji a gasar rali ta intanet

A rali ta intanet, wato tseren mota na wasan kwamfuta, rarraba direbobi aji-aji bisa ƙwarewarsu yana kawo adalci, amma fa sai an auna abin da ya dace. Tsarin Elo, na ba 'yan wasa maki bisa wanda suka doke ko ya doke su, don mutum biyu masu karawa aka gina shi, a rali kuwa da agogo kake tsere. Gara a lissafa daƙiƙoƙin da na ɗaya ya tsere wa direba a kowace kilomita. A raba makin hanyar tsakuwa da na kwalta, domin gwanin tsakuwar Finland kan koma ɗan koyo a kwaltar Monte Carlo.

Masu rage gudu da gangan don su maƙale a ƙaramin aji suna kwashe kofi, su ne ciwon kai. A duba tserensu 3 mafi sauri cikin 5 na ƙarshe, ba matsakaici ba.