Kangra, Gundumar da Girgizar Ƙasa ta Raba Tarihinta Gida Biyu

Ganyen shayi ne ya kai ni gundumar Kangra, a jihar Himachal Pradesh da ke arewacin Indiya, domin na daɗe ina jin labarin wani shayi da ake nomawa a gindin tsaunukan Himalaya, wanda sunansa bai yi tashe kamar na Darjeeling ko na Assam ba. Sai dai ban yi kwana uku a wurin ba na lura cewa duk abin da na tambaya, gona ce ko wurin bauta ko tsohuwar ganuwa, amsar takan dawo ne kan rana ɗaya, wato 4 ga Afrilun 1905, ranar da girgizar ƙasa ta afka wa kwarin Kangra da sassafe ta hallaka mutane kusan 20,000.

Turawan Ingila ne suka kawo shayin. A 1849 wani masanin tsirrai mai suna William Jameson ya gwada dasa irin ƙasar Sin a nan, ƙasar ta karɓe shi, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni shayin Kangra ya ciyo lambobin yabo a baje kolin Landan da na Amstadam. Da girgizar ta rushe masana'antun sarrafa ganyen, Turawan suka sayar da gonakinsu suka tattara komatsansu, gonakin suka koma hannun mutanen gari a yanki-yanki, aka ci gaba da murza koren shayi ana kai shi birnin Amritsar na Panjab, daga can ya wuce Afganistan. Sai a 2005 gwamnatin Indiya ta yi wa sunan rajista, ta yadda ba mai ikon kiran ganyensa shayin Kangra sai wanda ya noma shi a yankin.

A wata gona kusa da garin Palampur na tsaya ina kallon mata masu tsinka, kowacce da kwando a bayanta, yatsunsu na cafke ganye biyu da tohon da ke tsakaninsu, suna jefawa ta kan kafaɗa ba tare da sun waiwaya ba. A bayansu tsaunin Dhauladhar ya miƙe kamar katanga, kansa fari fat da dusar ƙanƙara. Wannan ƙanƙara ce, idan ta narke, take gangarowa ta cikin ƙananan magudanan da suke kira kuhl, waɗanda kakanninsu suka haƙa don shayar da shinkafa da alkama, kuma kowace magudana tana da mai kula da rabon ruwanta. Da aka miƙo mini kofi na tarar da ruwan shayin garau yake, babu madara babu sukari, ƙamshinsa kamar na ciyawa bayan yayyafi. Wanda ya saba da haɗin kauri na mai shayin unguwa zai ɗauka an yi masa rowa, kuma ni ma haka na ɗauka a kurɓin farko.

Game da wuraren bautar mabiya addinin Hindu kuwa, na je su ne a matsayin mai kallon tarihi da aikin hannu, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Masrur. Ba gina shi aka yi ba. Dutse guda aka samu a kan tudu, masassaƙa suka bi shi daga sama zuwa ƙasa tun wajen ƙarni na 8, suka fitar da hasumiyoyi da ƙofofi da ginshiƙai daga jikinsa. Girgizar ta karya yawancin hasumiyoyin, kuma da yake abin da aka sassaƙa daga dutse guda ba ya ɗaukar gyara irin na tubali, gutsattsarin suna nan a zube a gefen tafkin da ke gabansa, wasu da zanen furanni da bai dushe ba.

Haikalin Baijnath, wanda wasu fatake biyu, Ahuka da Manyuka, suka gina a 1204, ya tsallake rijiya da baya, yana nan tsaye da duwatsunsa na asali. Na Brajeshwari da ke cikin garin Kangra ya ruguje ƙurmus, amma masu ziyara ba su bari ya kwanta ba, aka sake gina shi. A haikalin Jwalamukhi babu gunki ko ɗaya. Abin da ake zuwa gani harsunan wuta ne masu shuɗi-shuɗi da ke fitowa daga tsagar dutse, masana na cewa iskar gas ce daga ƙarƙashin ƙasa, masu bauta kuma suna da nasu bayanin.

Ganuwar Kangra ce ta fi ba ni tausayi. Sarakunan gidan Katoch suka mallake ta, Sarki Mahmud na Gazna da ke Afganistan ya kwashe dukiyarta a 1009, Sarki Jahangir na daular Mogul ya ci ta a 1620, Ranjit Singh na Panjab ya karɓe ta a 1809, sannan Turawa suka girke soja a cikinta daga 1846. Duk waɗannan mayaƙa sun bar ta a tsaye, amma girgizar safiya ɗaya ta zubar da benayenta, sojojin suka fice, ba a sake zama a cikinta ba. Daga saman kangon ana hango inda kogunan Banganga da Manjhi suka haɗu a ƙasa, ana kuma jin ƙararrawar haikalin da aka sake ginawa a cikin gari.

Na baro gundumar da ƙunshin shayi biyu a jaka. Da na iso gida na dafa wa mutanen gidanmu yadda aka koya mini, na gargaɗe su kada a zuba komai a ciki, amma kafin in juyo daga ajiye buta an riga an buɗe gwangwanin madara.