Hazon nan da muke shaƙa a Kaduna

Hunturu ya shigo gari, kowa maganar sanyi yake, an zaro rigunan sanyi daga ƙasan akwati, masu gwanjo a Kasuwar Barci kakarsu ta yanke saƙa, yara duk ƙafa ta yi kaushi leɓe ya tsattsage sai aikin shafa basilin. Sanyi dai da sauƙi, bargo da ruwan zafi sun isheshi. Abinda ke tsaya min a rai shine ƙurar nan da muke zuƙa dare da rana tun daga Nuwamba har wajen Maris, mutum ya leƙo da safe yaga gari yayi fari fat sai yace "yau hazo ya sauka" ya wuce abinsa, shikenan an gama magana.

Ka goge tebur da safe kafin la'asar zaka iya rubuta sunanka a kai da yatsa, alhali tagogi a rufe suke. Ka hau gadar Kawo da hantsi ka ɗaga kai zaka kalli rana ido da ido bata kashe maka ido ba. To abinda ya kwanta kan teburin nan shine dai yake kwanciya a ƙirjin jariri da na tsohuwa.

Mafi yawan ƙurar daga Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne, Tafkin Chadi na yanzu ragowarsa ne kawai. Ruwa ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta biyo ta Nijar da Borno da Kano ta sauke mana, wani ma har ya tsallake teku ya kai Kudancin Amurka. Masana suna auna ƙwayoyin ƙurar da girmansu bai wuce maikuromita 2.5 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sune masu haɗarin don gashin hanci baya taresu, kai tsaye suke wucewa can cikin huhu har su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 tace kada nauyinsu ya haura maikurogiram 15 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska a tsawon yini guda.

Ƙanina yana karatu a Shikago, can arewacin Amurka a bakin Tafkin Mishigan, kuma shine ya fara sa ni kula da wannan lissafin. Su nasu sanyin ba'a magana, ƙanƙara ce ke zuba iska na kaɗowa daga tafkin, amma iskar tasu tafi lalacewa ne lokacin zafi. A watan Yunin 2023 gobarar daji ta kama a Kanada hayaƙi ya gangaro ya rufe musu gari, ranar 27 ga wata Shikago ta shiga sahun gaba a biranen da suka fi gurɓatacciyar iska a duniya. Ya kirani ranar yace "Yaya wallahi kamar ina tsaye a Mando cikin Janairu, har ƙaiƙayin maƙogwaron iri ɗaya." Amma abinda ya ɗaure min kai shine yadda garin ya ɗauki abin, waya tana nuna musu lamba da launi na yawan gurɓatar iska, kore lafiya lau, rawaya da dama-dama, in ta haura 150 ta koma ja, ranar kuwa hukuma ta fito tace masu asma da tsofaffi da ƙananan yara su zauna a ɗaka, wanda fita ta kama dole ya saka takunkumi. Na kwana kaɗan ne fa. Mu kuma wata uku wata huɗu muke yi a ciki duk shekara, yara suna tsaye a filin asambili da sassafe suna tari.

Kuma kar mu ɗorawa Sahara laifin duka. A 2016 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin birane kan yawan ƙura a iska, Onitsha ce ta ɗaya, Kaduna ta biyar. Namu hannun yana ciki dumu-dumu. Da magariba tayi kowane lungu an cinnawa bola wuta, leda da robobi da tsumma duk a haɗe, wasu har taya suke ƙonawa suna jin ɗumi, in aka ɗauke wuta janareta ya tashi a kowane shago, ga tsofaffin tireloli ga keke napep ga gawayi da itace tunda gas ya gagari talaka, a bayan gari kuma an sakawa daji wuta ana farautar gafiya. Da asuba iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa ta danne hayaƙin nan ya kasa tashi sama, shiyasa in ka fito sallar asuba kake jin ƙauri a unguwa tun kafin kowa ya hura wuta.

Ɗiyar maƙwabciyata 'yar firamare tana da asma. Na taɓa shiga gidan cikin dare na sameta zaune an jingina mata filo, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, numfashin yana fita da wani siririn fito, uwar na girgiza abin shaƙar tana cewa "ja a hankali uwata, ja a hankali." Duk damina yarinyar nan ƙalau take tana tsalle-tsallenta, hazo na sauka ake komawa gidan jiya. Tun daga nan in naga wani ya tara shara zai kunna a layinmu nakan je in ce dan Allah Malam a bari mai kwasa yazo, wasu suna ji wasu basa ji.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen hazo, amma galibi sai dai kaji shi a labarin an soke tashin jirgi don matuƙi baya ganin gabansa. Ina ma gidajen rediyonmu zasu riƙa faɗa da Hausa kowace safiya yadda suke faɗin lokutan sallah, cewa yau ƙura tayi yawa a rufewa yara hanci, makarantu su rage tsayuwar asambili. Kafin nan dai wanda ke hawa acaba ko yake wuni bakin titi ya nemi takunkumi, a yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, kuma dan girman Allah a daina shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa, hayaƙinsa baya wari amma yana kashe mutum cikin barci. Sannan busasshiyar iskar nan tana tsattsaga cikin hanci da maƙogwaro, shiyasa sanƙarau yake biyo bayanta yayi ƙamari in zafi ya fara, duk wanda yaga yaro da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kar ya tsaya jiƙe-jiƙe, a wuce asibiti a daren.