Shinkafar Kura da tsarin da ba ya zama wuri ɗaya

Tun da na dawo daga Kura maganar kawuna ta ƙi barin zuciyata. Gonarsa da ta saba cika da shinkafa, bana rabinta ciyawa ce. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, buhun shanshera nawa zan sayar kafin in sayi buhun taki ɗaya?"

A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce kowa ya koma gona. Mutane suka ci bashi, suka sayi injin ban ruwa. Sai a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da shinkafa, alkama da masara na kwana 150. Farashi ya sauka, talakan birni ya ɗan numfasa, wallahi na taya shi murna. Amma taki da fetur suna nan da tsadarsu.

Da za a sanar da farashin sayen shanshera tun kafin shuka, a yashe magudanan Kadawa da ke sha daga madatsar Tiga, irin su Kawu ba za su bar gona ba. Alkamar biredinmu ma har yau yawancinta jirgin ruwa ke kawo ta.