Kwana Shida, Babura Biyar, da Tafkin da Muka Haƙura da Shi

Mu biyar ne, kowa da babur ɗinsa, kuma da ƙyar muka yakice kwana shida daga wuraren aiki. Niyyarmu mu ratsa tsaunuka, mu sauka bakin tafkuna uku da ke kwance a tsakaninsu, mu dawo ta wata hanyar daban. Ni aka ɗora wa tsara hanya. Ba don na fi kowa sani ba ne, na makara ne ranar da aka raba aiki, na tarar an riga an yanke mini nawa.

Daren farko na buɗe taswira a waya, na ja layi, na raba nisan gida shida. Lissafi ya ba ni kilomita 400 a rana. Na tura wa jama'a ina ta jin kaina. Babbanmu, wanda duk muke kira Yaya saboda ya girme mu kuma ya riga mu hawa babur da shekaru, bai ce uffan a rukuninmu na WhatsApp ba. Kirana ya yi.

"Ƙanena, wannan lissafin naka, a kan shimfiɗaɗɗen titi ka yi shi ko a kan dutse?"

Na ce ai kilomita kilomita ce, Yaya.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in ƙara girman taswirar daidai wurin da layin ya fara murɗewa kamar hanjin kaza, in ƙirga kwanonin da ke cikin kilomita goma kacal. Na kai talatin da wani abu na daina. A irin wannan hanya, in ka haɗa da tsayawa shan mai, da miƙe ƙafa, da jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto, sa'a ce babba ayari ya ci kilomita 40 a awa. Ke nan 400 ɗina awa goma ce a kan sirdi, kullum, har kwana shida. Ga shi a cikin tsaunuka rana ba ta jiran lokacin faɗuwarta, da ta faɗa bayan dutse kwari ya yi duhu alhali sama da sauran haske. Sai muka daina maganar kilomita muka koma maganar awa: shida a kan babur, a isa masauki da sauran rana. Abin ya tsaya tsakanin kilomita 200 zuwa 250. A nan tafki na uku ya faɗi daga tsarin, kuma har yau mai hotonmu bai yafe mini ba.

Na ɗauka ƙaramin babur ɗin cikinmu, mai inji 150, shi zai zame mana matsala ta kowace fuska. Rabin zatona ne ya zama gaskiya. A hawa shi ne zai ja mu baya, wannan ba makawa. Duk sanda ka yi sama iska na ƙara sirancewa, a tsayin mita 2,000 ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar in aka gwada da ta bakin teku, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Babura masu sabon tsari na'ura ce ke daidaita musu mai da iska, ƙarfi zai ragu amma ba za su shaƙe ba. Nasa kuwa kafireta ce, ba ruwanta da inda ka kai, man da ta saba zubawa shi za ta zuba, sai fulogi ya yi baƙi inji ya dinga kakari. Saboda haka fulogi biyu zai riƙe a aljihun jaka, kuma gudunsa shi ne gudun kowa.

Amma a wajen mai, abin mamaki, shi ne mai dogon numfashi. Wanda ya tsara mana wuraren tsayawa shi ne ƙaton babur ɗin abokinmu, mai ƙara kamar aradu, wanda tankinsa lita 13 ce kuma yana shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya. A titi mai kyau yana kai kilomita 230 kafin ya fara roƙo. Da kaya, da hawa, ba wanda ya yarda da wannan adadin, sai muka ɗauki kashi biyu cikin uku. Duk kilomita 150 dole a sami gidan mai, in kuwa taswira ta nuna guda ɗaya tak a wani yanki, mun ɗauke shi a matsayin rufaffe har sai mun gani da ido. Shi mai babur ɗin ne kullum yake turo mana bidiyon hanyar Stelvio ta Italiya, mai tsayin mita 2,757, wadda ɓangarenta guda ke da kwanoni 48 masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kowace da lambarta. Yaya ya ce masa, "Malam, ka fara kai mu gidan mai na gaba tukuna."

Hawa ba ya ba ni tsoro yanzu kamar gangara, kuma ina da dalili. Makonni biyu da suka wuce mun fita gwaji, yini guda, ba kaya. A dawowa muka kama wata doguwar gangara, ni kuma na bar babur a giya ta sama ina ta dannan birki, in saki kaɗan in sake dannawa. Wajen kwana ta takwas ko ta tara na ji hannun birkin gaba ya yi laushi kamar na matsa soso. Na ƙara matsawa, ya taho har ya kusa taɓa yatsuna, babur kuwa bai ko gezau ba. Ga kwana tana tahowa, ga ƙarfen gefen hanya, bayansa kuma sarari ne kawai. Allah ya taimake ni na tuna da giya, na sauke ɗaya, inji ya yi kuka, na sauke ta biyu, na taka na baya a hankali har na samu na raɓe. Da na sauka gwiwoyina rawa suke. Ƙaurin birki ya cika wurin.

Bakaniken cikinmu ya tsuguna ya leƙa ɗan kofin man birki, ya ga ya yi baƙi, ya ɗago ya tambaye ni yaushe rabon da in canza shi. Ban taɓa ba, shekara huɗu. Ya ce man birki yana tsotsar danshi daga iska sannu a hankali. Irin wanda ake rubuta wa DOT 4, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga layin, kumfa kuwa matsuwa take yi, ba ta tura komai. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Tun daga ranar muka kafa doka: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe babur, birki ya zama na taimako. Kashe inji a gangara don tsimin mai kuwa, wanda ya yi shi zai koma gida shi kaɗai.

Sanyi ma mun yi masa lissafi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da wajen digiri 6 da rabi. In ka baro gindin dutse kana gumi a 30, kafin ka kai ƙololuwa kana iya tarar da 17, ga iskar gudu tana dukan ƙirji. Yatsun da suka ƙage ba sa kama kuloci da kyau. Kowa zai zo da safar hannu mai kauri da rigar ruwa, kuma a saman jaka za su zauna, ba a ƙasan kaya ba.

Rigimar tafki ta fi kowace daɗewa. Mai hoto yana so mu kwana dab da ruwa don ya kama fitowar rana, Yaya yana so mu dinga tashi tun da duhu. Su biyun ba sa haɗuwa. Da dare iska mai sanyi na gangarowa daga duwatsu ta kwanta a kan ruwa, da asuba sai hazo ya rufe kwarin, kwalta ta jiƙe da raɓa, ba ka ganin fitilar na gabanka. Da magariba kuma ƙwari ne ke tasowa daga bakin ruwa su manne a gilashin hular kwano. Sulhun da aka yi: ranakun tafki ba mai tayar da inji sai hazo ya yaye. Shi ya je ya yi hotonsa, mu kuma mu auna iskar tayoyi tun suna da sanyi, don a lokacin ne ma'auni ke faɗin gaskiya, mu sa wa sarƙa mai, mu duba ko ta saki.

Jerin tafiya bai ɗauke mu minti biyar ba. Yaya ne jagaba, mai ƙaramin babur na biye da shi, bakanike a ƙarshe da kayan faci, famfo da sifanu. A miƙaƙƙen titi ɗaya dama ɗaya hagu, daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke saitinka. A kwana kuwa layi ɗaya, kowa ya ƙara tazara. Abin da na fi so shi ne kowa na bayansa yake tsaro: in ka zo mararraba, ba ka juyawa sai ka ga fitilarsa a madubi. Taswirar kuma kowa ya sauke ta a wayarsa tun daga gida, saboda a tsakanin duwatsu sabis ɗaukewa yake, amma GPS na aiki ko babu shi.

Yaya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Asabar mai zuwa za mu sake fita gwaji, wannan karon da cikakken kaya, masu nauyi a ƙasa kusa da tsakiyar babur, a kuma wannan gangarar da ta kusa cinye ni. Na canza man birki jiya, ya fito fari tas kamar ba shi ba. Ɗazu kuma mai hoto ya turo mini wata sabuwar taswira, ya zagaye tafki na uku da jan layi, ya rubuta a ƙasa wai ya gano wata 'yar hanya ta baya, kilomita 60 ce kawai. Na ƙara girmanta na fara ƙirga kwanoni.