Godiya bayan kammala aikin takardun cikin wasan

Alhamdu lillahi, aiki ya kammala. Duk wanda ya bi mu a makonnin nan ya san abin da takardun nan suka ja mana, ba sai an maimaita ba. Hotunan samfurin fom da wasiƙu da rasit duk sun koma fayilolin DDS, wato tsarin fayil na hotunan da ake shimfiɗawa a kan abubuwa a wasannin bidiyo, suna shimfiɗe a kan teburan cikin wasan, kuma rubutunsu na karantuwa. Gajiya kawai ta rage.

Dare ɗaya ne ba zai tsallaku ba. Mun juya komai, muka buɗe wasan, sai ga haruffa sun jiƙe kamar ruwa ya taɓa tawada, inuwar takarda kuma ta ɗauki kore-kore. Jikin kowa ya yi sanyi. Yayanmu a sana'ar nan, wanda ko sisi ba shi da shi a aikin, ya zauna ya yi ta ƙara girman hoto ɗaya har fiksel suka fito ɗai-ɗai, sannan ya nuna mana inda jan hatimi ya hau kan baƙin rubutu. Ashe laifin matse hoton ne don rage nauyinsa. Mun yi amfani da tsarin matsewa na BC1, wanda ake kira DXT1, shi kuwa yana yanka hoto gida-gida, fiksel 4 sau 4, ya ajiye launi biyu kacal a kowane gida, ya samo wasu biyu a tsakaninsu. Gidan da ja da baƙi da fari suka haɗu, dole ɗaya ya ɓaci. Koren kuma daga yadda yake rabon launi ne: bit 6 ga kore, bit 5 ga ja da shuɗi. Yayan ya sa muka koma tsarin matsewa na BC7_UNORM_SRGB da texconv, manhajar juya hoto zuwa DDS. Fayil mai 2048 sau 2048 ya tashi daga megabait 2 zuwa 4, amma ga takarda mai rubutu wannan nauyin ya cancanta. Yaya, kun ce kada a ambace ku, ku yi haƙuri, shiru bai kamata ba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira, Ya jiƙan mahaifa, Ya raya zuri'a a kan alheri.

Godiya ga ƙanwarmu mai kula da taswirar UV, wadda ke nuna yadda hoto zai shimfiɗu a kan abu a cikin wasan. Takardar A4 a kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, fiksel 2480 ce sau 3508, in aka miƙe ta ta cika murabba'i, haruffa sai su yi ƙiba. Ita ta ce a rage ta zuwa 1448 sau 2048, a ɗora a gefen hagu na filin 2048, a tsayar da faɗin UV a kusan 0.707. Ita ce kuma ta gano farin zoben da ke bayyana a bakin yagaggun takardu in an ja da baya: launin da ke ƙarƙashin wurin da alfa, wato sashen da ke ɓoye wani ɓangaren hoto, ya ɓoye ne ke malalowa cikin mipmap, ƙananan kwafin hoton da wasan ke nunawa daga nesa. Maganinsa a shimfiɗa launin gefen ya zarce iyaka da 'yan fiksel kafin a matse. Kada a ce za a cire mipmap ɗin gaba ɗaya don gudun kashi ɗaya cikin ukun da yake ƙarawa a kan nauyi, rubutu zai riƙa walƙiya daga nesa.

Masu gwaji da suka kama takardun da suka fito ƙafa a sama, har muka gyara da umarnin -vflip na texconv, da wanda ya tuna mana mu mayar da samfuran daga launin bugu na CMYK zuwa launin allo na RGB tun farko, Allah Ya biya ku, Ya buɗa muku ƙofofin arziki.

Akwai 'yan uwa na jini da muka sa ran ko sau ɗaya za su tambayi yadda ake ciki. Ba mu ji su ba. Allah Ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Wanda ya ga takardar da rubutunta bai fito ba, ya turo mana sunan fayil ɗin da hoton allonsa, amma sai mun ɗan runtsa tukuna.